Likita, sikeli ya tsaya, na gaji: amsoshin tambayoyinku kan rage ƙiba

Likita, ruwan ɗumi da lemun tsami da safe yana narkar da kitse? (Daga Tibiri)

A'a. Ruwa ne, ki sha, amma ba ya taɓa kitse. Idan kina da gyambon ciki, ki bar lemun.

Ina wuni a zaune a shago cikin babbar kasuwa. Ina zan samu lokacin motsa jiki? (Daga Sabon Gari)

Alhaji, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so a mako, wato minti 30 sau biyar. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ka taka zuwa shago, ka bar kabu-kabu. Ka kuma ƙirga sukarin da ake zubawa a shayin da kuke sha har zagaye uku. Idan ƙirji ya ɗaure maka kana tafiya, ka tsaya, ka zo asibiti a ranar.

Ina da kilo 92, na rage 5 cikin wata biyu, sai sikeli ya tsaya mako uku, har na gaji. Uwar mijina tana cewa mutane za su ce ba a ciyar da ni. Maƙwabciyata ta ba ni shayin rage ƙiba da ƙwayar Lasix, cikin kwana uku kilo 2 suka tafi. In ci gaba? (Daga unguwar Zariya, Maradi)

Ƙanwata, don Allah ki ajiye su yau ɗin nan. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana miƙa Lasix ta kan katanga kamar aron gishiri. Magani ne na masu ciwon zuciya ko ƙoda da jikinsu ya tara ruwa. Fitsari yake sawa, kuma kilo 2 ɗin nan ruwan jikinki ne, da kin sha za su dawo. Tare da ruwan yake fitar da gishirin jini mai suna fotasiyom, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A zafin Maradi, ga zufa, ga shayin da sau da yawa filasko ne a ciki yana sa zawo, ƙoda ce za ta biya bashin. Idan kina jin jiri, ɗaurewar jijiya ko faɗuwar gaba, ki je asibiti yanzu, ki tafi da ledar maganin a gani.

Sannan maganar gajiya. Kilo 5 daga 92 ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyinki, kuma wannan kaɗai yana sassauta hawan jini da sukarin jini. Tsayawar sikeli abu ne da aka saba: jiki ya ragu, abincin da yake ƙonawa ma ya ragu. Rabin kilo a mako ya isa. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako kawai, sauran kwanaki ki duba ɗaurin zanenki da yadda gwiwa take miki wajen sallah.

Kada ki guji tuwon hatsi, ki rage malmala, ki ƙara miyar kuka ko kwaɗon zogale da wake. Fura kuma ki sha ba tare da sukari ba. Ludayin mai ɗaya a tukunya maimakon biyu. Ranar biki kika ci fanke da lemun kwalba, washegari ki koma kan hanyarki, ba abin da ya rushe. Ki nemi abokiyar tafiya, don wadda ake jira a ƙofar gida ba ta cika fashi ba.

Ita kuwa Inna, uwar mijinki, ƙauna ce ta sa ta magana. Ki zo da ita ranar awon jini, ta ji daga bakinmu abin da ƙiba take yi wa zuciya da gwiwa. Amma ki fara zuwa a duba ƙodarki.

Ina ramewa ba tare da na yi komai ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari. In yi murna? (Daga Madarunfa)

Malam, a'a. Wannan alamar ciwon sukari ce, kuma tarin fuka ma yana ramarwa. Ka je a auna jininka cikin makon nan, kada ka tsaya wajen mai magani a tire.