Uwar mijina ta gayyace mu daren Kirsimeti a Danmak, na rasa amsar da zan ba ta

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni birnin Aarhus a ƙasar Danmak. Mijina ɗan ƙasar ne, ya musulunta tun kafin mu haɗu, kuma alhamdu lillahi ba ni da ƙorafi a kan addininsa. 'Ya'yanmu biyu, mace mai shekara 7 da ƙaninta mai shekara 4.

Damuwata watan Disamba ce. A nan rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi, sai kowane gida ya koma kunna kyandir. Akwai wani dogo da ake rubuta wa lamba 1 zuwa 24 a jiki, kullum a kunna shi ya cinye lamba ɗaya a kashe. Akwai wasu huɗu da ake kafawa a kan zagayen ganye, kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya. Talabijin na nuna wasan yara kashi 24, yaron da bai kalla ba washegari ba shi da bakin hira a makaranta. A ajin 'yata har da wani guntun tsoho mai jar hula da suke kira nisse, wai a rufin gida yake zaune, ana ajiye masa kunun shinkafa da man shanu da kirfa, in aka hana shi ya yi ɓarna. Malamarsu ce ke kife kujeru kafin yara su iso, ta ce aikinsa ne. Duk wannan ina kawar da kai.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne daren 24 ga wata, don a nan shi ne babban daren, ba ranar 25 ba. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan iyayen mijina a daren, ina amarya. Aka jera gasasshiyar agwagwa da gasasshen alade, da dankalin da aka juya a narkakken sukari, da jan kabeji, ga giya a gaban kowa. Dankali kawai na ci. Bayan nan aka kawo shinkafa da madara da kirim mai sanyi, risalamande, an daddatsa almon a ciki amma an ɓoye ƙwaya ɗaya cikakkiya, wanda ya same ta yana da kyauta. Ashe baban mijina ne ya samu tun cokalin farko, ya maƙale ta a kunci ya yi shiru har sai da kowa ya ci ya kasa tashi. Daga nan suka kunna kyandirori na gaske a jikin bishiya, suka riƙe hannun juna suna zagaya ta suna waƙa. Ni ina kan kujera. Ba wanda ya ce min uffan, amma har muka dawo gida jikina a sanyaye yake. Tun daga ranar kowace shekara sai na samo uzuri, shi kuma ya kai yara ranar 26.

Bana baban nasa ya rasu. Ƙanwar mijina kuma gidan surukanta za ta, don a nan karɓa-karɓa ake yi, shekara ɗaya dangin miji, shekara ɗaya dangin mata. Ke nan tsohuwa za ta kwana ita kaɗai. Tun watan Oktoba ta turo min saƙo tana gayyatarmu, har yau ban amsa ba. Mijina ya ce duk yadda na ce haka za a yi, amma tun daga nan ya rage magana. Hajiyata a Kano ta ce kada in kuskura in kai mata jikoki bikin Kiristoci. Ga 'yata kuma ta ɗaga min hankali, wai sai ta shiga jerin Lucia na ranar 13 ga wata, inda 'yan mata ke sa fararen riguna su riƙe kyandir suna tafiya suna waƙa a makaranta.

Anti, ba na son in saɓa wa Allah, ba na kuma son in zama matar da ta raba ɗa da uwarsa. Don Allah ki ba ni shawara.

Taki,
Maman yara biyu, Aarhus

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya ba ku haƙurin rashin da kuka yi. Kafin mu zo kan bishiya da waƙa, bari in fara da saƙon nan na Oktoba, domin shi ya fi tsaya min a rai. A Kano in suruka ta yi magana kika sunkuyar da kai kika yi shiru, kunya ce, har a yaba miki. Mutanen Danmak ba haka suke karanta shiru ba. Su masu faɗin magana ne kai tsaye, masu tsara abu tun da sauran wata biyu, kuma wanda bai amsa gayyata ba a wurinsu ya ƙi ne, bai ma ga darajar a ba shi dalili ba. Matar nan ta binne mijinta bana, kuma ke ta rubuto wa, ba ɗanta ba. Ta san a hannun wa maganar take. Ki kira ta a makon nan, ko me kika yanke.

Ni dai a ganina ku je.

Ba surukarki kaɗai ba ce, uwar mijinki ce, kuma musuluntar da ya yi ba ta sauke masa haƙƙinta ba. A Suratu Luƙman, aya ta 15, Allah ya ce kada a bi iyaye in sun kira zuwa ga shirka, a cikin ayar kuma ya ce a zauna da su a duniya da kyautatawa. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ma da mahaifiyarta ta zo mata tana kan addininta na da, ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce ta sada zumunci da ita. Shi kansa halartar bikin, malamai sun saɓa, akwai masu hanawa, akwai masu ba da dama ga wanda iyayensa ba Musulmi ba ne muddin bai shiga ibadarsu ba. Fatawa aikinsu ne. Ku je wurin malamin da ya zauna a Turai ya san irin gidajen nan, ku kwashe labarin kamar yadda kika kwashe min, har da rasuwar.

Abin da ya dagula miki lissafi shi ne kin dunƙule daren wuri ɗaya, alhali abubuwa ne daban-daban. Zuwa coci da rana ake yi, kafin abinci, don haka ku iso bayan ta dawo. Salla ba matsala, tunda a lokacin magariba kafin huɗu take, isha'i ma tana shiga da wuri. Abinci kuwa magana ce ta kicin. Ki ce mata agwagwar bana ke za ki kawo, ki nemo ta halal a kasuwar Bazar Vest da ke nan Aarhus ko wurin mahaucin da kika saba da shi, tun da wuri kafin a wawashe. Ki tambaye ta da wane mai take dafa kabejin, da romon me take haɗa miya, don wasu da na alade suke yi. Miyar ceri da ake zubawa a kan shinkafar nan ma wasu suna ɗiga mata giya. Waɗannan tambayoyi ba za su ɓata mata rai ba, abin da ke ɓata wa mai girki rai shi ne baƙuwa ta zauna tana juya dankali ba ta faɗi dalili ba. Maganar alade da giya a kan tebur kuma ba daga bakinki za ta fito ba. Ɗanta ne zai ce, Mama, bana mu huɗu ne da ke, mu bar su. Da wuya uwar da ke neman jikokinta a gabanta ta zaɓi kwalba.

Tunda na ambaci ɗan nata, ki gaya masa na ce "duk yadda kika ce" ba amsa ba ce. Ɗora miki kaya ya yi ya koma gefe, in an je ke ce, in ba a je ba ke ce. Shi ya tashi a gidan, shi ya san kowace waƙa da abin da take cewa.

Nan ne kuma amfaninsa yake a batun zagaya bishiya. Waƙoƙin iri biyu ne. Akwai na coci da ke magana a kan haihuwar Annabi Isa (AS) bisa aƙidarsu, waɗannan ba naku ba ne, ban ga dalilin rera su ba. Akwai kuma na yara, na bishiya da kyauta da ciye-ciye, har da wadda ake rerawa ana gudu ɗaki-ɗaki. Ku zauna ku biyu ku tace, ku sanar da ita tun kafin ranar. In kun yanke ba za ku zagaya ba sam, ku faɗa mata haka, amma kada ki sake zama a kujera kin ɗaure fuska. Ki tashi ki haɗa shayi, ki taya kwashe kwanuka. In kuma za ki matsa kusa, ki tattare mayafinki, kyandir na gaske kika ce.

Lucia sunan wata mata ce da Kiristoci ke girmamawa, 'yar tsibirin Sisili, al'adar kuma daga Suwidin ta shigo Danmak a 1944. Yawancin iyayen da ke kallo a yau haske a cikin duhun hunturu kawai suke gani, amma asalin yana nan. Ba dole ba ne a makaranta. Ki karɓi waƙar daga malamarsu, baban yarinyar ya karanta muku, ku haɗa da tambayar da za ku kai wa malam. In hanawa za ku yi, kada ki ce wa yarinya "haramun ne" ki juya baya. Shekararta 7, abin da take so farar riga ce da tsayawa a layin ƙawayenta. Ki yi mata bayani daidai hankalinta, ranar kuma ki je ɗaukarta da kanki ku fita wani wuri.

Hajiya tana da gaskiyarta, tsoro take kada jikoki su narke a ƙasar mutane. Kada ki ɓoye mata, yara za su tona ki a bidiyo kol tun kafin shekara ta fita. Ki ce mata matar nan mijinta ya rasu, za ta kwana ita kaɗai a daren da kowa ke tare da nasa, za ku kai mata jikoki ne da abincinku na halal, ba coci za ku ba. Hajiya ta san zafin takaba.

Abin da zai kwantar mata da hankali na gaske kuwa shi ne ta ga sallarku ta fi ƙarfin Disamba a idon yaran. Wata guda cur ƙasar nan ke yi tana jan hankalin yaro da kyandir da kyauta, ke kuma in kika bar salla ta wuce kamar ranar Talata, kada ki ga laifinsu. Ki yi musu ƙidayar kwanakin azumi, ɗinki, lalle, cincin, barka da salla a hannu. Ki gayyaci kakarsu ta zo ta ci tuwo. Sai dai ki ba ta ranaku biyu ta rubuta a kalandarta tun yanzu, ki yi mata bayanin cewa sai an ga wata ake sanin wanne ne a ciki.

Antinki