Kuɗin inshorar lafiya a Holan ya sake tashi: in koma kamfani mai araha ko in zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku a Amsterdam, a unguwar Bijlmer, ina aiki a wani sito na kaya. Ina da ciwon suga, maiɗakina tana da juna biyu, kuma muna da yara biyu ƙanana. A watan Nuwamba kamfanin inshorarmu ya aiko da takarda cewa daga Janairu za a ƙara wa kowannenmu kusan Yuro goma a wata. Wani abokina ya nuna mini kamfani mai araha, amma ina tsoron su ƙi karɓata saboda ciwona. Me ke sa abin nan canjawa duk shekara? In koma ko in zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara maka sauƙi, ya sauki maiɗakinka lafiya.

Bari in fara cire maka wannan tsoron. Babu kamfanin da ke da ikon ƙin karɓarka a inshorar tushe, wadda za ka ga an rubuta basisverzekering a takardarka. Dokar da ta fara aiki a 2006 ta tilasta wa duk mazaunin ƙasar ya yi wannan inshora, ta kuma tilasta wa kamfanoni su karɓi kowa, mai lafiya da majinyaci, saurayi da tsoho, a kan farashi ɗaya. Ba su da damar ƙara maka ko kwabo don kana da suga. Akwai wani asusu da ke ba kamfanin da majinyata suka yi wa yawa ƙarin kuɗi, don kada kowa ya riƙa gudun marasa lafiya.

Abin da inshorar tushe ke biya kuma ba kamfani ne ke tsara shi ba. Gwamnati ce, bisa shawarar hukumar Zorginstituut Nederland. Saboda haka ko kana Zilveren Kruis, ko CZ, ko VGZ, ko Menzis, jerin abin da za a biya maka iri ɗaya ne: likitan unguwa da ake kira huisarts, asibiti, mafi yawan magunguna, ungozoma, motar ɗaukar marasa lafiya. Duk shekara akan taɓa jerin nan kaɗan. A 2023 an cire bitamin D, masu shan sa suka koma saye da aljihunsu. A 2024 an shigar da horon motsa jiki ga tsofaffin da ke cikin haɗarin faɗuwa. Yawanci canjin bai taka kara ya karya ba, sai dai in ya faɗo kan maganin da kai kake sha.

Farashi shi ne ke motsi sosai. Talata ta uku a cikin watan Satumba, ranar da suke kira Prinsjesdag, gwamnati kan gabatar da kasafin kuɗi tare da hasashenta na kuɗin inshorar shekara mai zuwa. Daga nan kowane kamfani zai yi nasa lissafin, kuma dole ya bayyana sabon farashi zuwa 12 ga Nuwamba. Takardar da ka samu ke nan. Dalilan ƙarin ba ɓoyayyu ba ne: albashin ma'aikatan jinya yana ƙaruwa, tsofaffi suna yawa, sababbin magunguna suna da tsada. Wani lokaci kamfani yakan ɗebi kuɗin ajiyarsa ya danne farashi shekara ɗaya, in ajiyar ta yi ƙasa sai ka ga tsalle a shekarar da ta biyo. A 2006 mutum yakan biya ɗan abin da ya haura Yuro 1,000 a shekara. A 2025 matsakaicin farashi ya kai tsakanin Yuro 150 da 160 a wata. Yaranka kuwa ba a biya musu komai har su cika shekara 18, har da likitan haƙori, muddin ka yi musu rajista. Jaririn da ke tafe ma ka yi masa cikin wata huɗu da haihuwa.

To in jerin iri ɗaya ne, me ya sa wani kamfani ya fi wani araha? Nan nake so ka tsaya ka natsu, domin nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Bambancin yana wurin da aka yarda ka je neman magani. Inshorar da ake kira natura tana biya gaba ɗaya ne kawai in ka je asibiti ko likitan da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da shi. In ka je wanda ba ya cikin jerinsu, wani kaso kawai za su biya, galibi kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, sauran yana wuyanka. Mafi araha a cikinsu su ne suka fi taƙaita asibitocin. A da akwai wadda ake kira restitutie, mai barinka ka zaɓi inda kake so, ta fi tsada, amma daga 2025 kamfanoni sun daina sayar da ita, sai dai combinatie mai haɗa biyun. Taimakon gaggawa bai shiga wannan ba, duk asibitin da aka kai ka za a biya.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta zo mini da takarda a ninke cikin jakar hannunta, har gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa. Ta koma wani kamfani ne don ragin 'yan Yuro a wata, ba ta duba jerin asibitocinsu ba. Aka yi mata aikin gwiwa a inda ta saba zuwa, ashe ba ya cikin jerin. Abin da aka ce ta cika ya cinye ragin shekaru da dama. Ta yi ta nuna mini layin da yatsa tana cewa ai ta biya kowane wata ba fashi. Gaskiya ta faɗa, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai, amma babu abin da zan iya yi mata sai neman a bar ta ta biya kaɗan-kaɗan. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Don haka kafin ka sa hannu, shiga shafin kamfanin a intanet, rubuta sunan asibitin da kake zuwa, da kantin maganinka, da wurin ungozomar maiɗakinka, ka tabbatar suna cikin yarjejeniyar sabuwar shekara, ba ta wadda ke ƙarewa ba. Ka duba magungunanka ma, domin kowane kamfani yana da samfurin da ya zaɓa ya biya, kwalin na iya canjawa ko da sinadarin ɗaya ne.

Sai batun eigen risico, wato kuɗin farko da kai za ka biya a shekara kafin kamfani ya karɓa. Ya fara da Yuro 150 a 2008, ya yi ta hawa har ya kai 385 a 2016, ya tsaya nan shekara da shekaru. Ganin huisarts ba ya cin wannan kuɗi, haka ma ungozoma, haka yara. Amma magani da gwajin jini da zuwa asibiti suna ci. Mai suga kusan kullum yakan cinye 385 ɗinsa, saboda haka ka sa shi cikin lissafinka tun Janairu, ka kuma nemi a raba maka shi wata-wata, mafi yawan kamfanoni suna yarda. Za su yi maka tayin ƙara har Yuro 500 a kai, ya zama 885, su rage maka kuɗin wata. Shawarata kada ka karɓa. A ce sun rage maka Yuro 20 a wata, 240 ke nan a shekara, kai kuma kana iya biyan ƙarin 500. Wannan tayin ya dace da saurayin da ke shekara bai taka asibiti ba. Maiɗakinka ma kada ta karɓa a shekarar haihuwa, don ba a san abin da zai taso ba.

Inda ciwonka zai iya zama cikas shi ne inshorar ƙari, aanvullende verzekering, mai biyan haƙorin manya da tabarau da gashin ƙashi. A nan kamfani yana da ikon yi maka tambayoyi, ya ma ƙi ka. Kada ka saki ta yanzu sai sabuwar ta tabbata a hannunka. Ga maiɗakinka tana iya yin amfani, domin mai jinyar da ke zuwa gida bayan haihuwa, kraamzorg, akwai ɗan kuɗin da ake biya kowace awa, kuma haihuwa a asibiti ba tare da dalilin likita ba ita ma akwai cikon da ake biya. Ba dole ne ku kasance kamfani ɗaya ba, kowa ya ɗauki abin da ya dace da jikinsa.

Ranakun su ne: ka soke tsohuwar zuwa 31 ga Disamba, ka shiga sabuwa kafin 1 ga Fabrairu, za ta fara aiki tun daga 1 ga Janairu. In ka yi rajista da sabon kamfani kafin shekara ta ƙare, su da kansu za su soke maka tsohuwar. Amma in tsohon yana binka bashin kuɗin wata, zai iya hana ka tafiya sai ka biya.

Ka kuma duba ko kun cancanci zorgtoeslag, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi. Ba ya zuwa da kansa, sai an nema, kuma adadinsa da iyakar albashin da ke ba mutum dama suna canjawa duk shekara. In albashinku ya ƙaru ku sanar da wuri, in ba haka ba za a ce ku maido.

A halin da kake, ni zan ce ka koma kawai in sabon kamfanin yana da asibitinka da ungozomarku a jerinsa, kuma ragin ya kai abin a zo a gani in an tara na wata goma sha biyu. In kuma kuna shirin kai jariri gida a gan shi, ka sani inshorar tushe tana biyan jinyar gaggawa a ƙasar waje ne iya farashin Holan, ba ta biyan kuɗin maido da majinyaci ta jirgi. Wannan sai inshorar tafiya ko ta ƙari, kuma ana yin ta ne kafin a tashi.