Kiwon barewa a Amurka: fitsarin ma kuɗi ne, amma a kula da cutar CWD

Ɗan'uwa, ka ce ka samu fili a jihar Fensilbeniya kana son kiwon barewa mai farar wutsiya, kana tambaya ta ina kuɗin ke shigowa.

Ta hanya uku ne. Masu kiwo kan sayi namiji mai manyan ƙahoni ko maniyyinsa don iri, gandayen farauta kan sayi manyan mazaje, sai kuma fitsari. Kada ka yi dariya. Lokacin barbara, wajen Nuwamba, ana tsayar da matan a ɗaki mai daɓen ramuka, fitsarin ya gangara a tara, a ɗura a 'yan kwalabe. Mafarauci ya ɗiga a gindin bishiya, namiji ya biyo warin.

Inda mutane ke karyewa shi ne cutar CWD (Chronic Wasting Disease, mai ramar da barewa har ta mutu), wadda aka fara gani a jihar Kolorado a 1967. Tana cin ƙwaƙwalwa, ba magani, ba rigakafi, kuma takan zauna cikin ƙasa shekaru. Ɗaya ta kamu, ana iya kashe garken duka. Saboda ita ne jihohi irin su Bajiniya suka hana farauta da fitsarin gaske. Don haka kada araha ta ruɗe ka ka sayi barewa marar takardun lafiya.

Shinge kuwa ƙafa 8 ne aƙalla, barewa akwai tsalle. Kafin ka kafa ko turke ɗaya, je ma'aikatar gona ta jiharku kan lasisi, ka kuma nemi likitan dabbobi da ya san bareyi.