Amsar Kawu kan allurar kitse a hanci

'Yata, kin tambaye ni ko allurar kitsen da likita zai yi wa maigidanki, don cike ramin da fatar da aka dasa ta bari a hancinsa, canza halitta ce kamar yadda surukanki ke faɗa. A'a. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Gyaran abin da ya lalace daban, neman ƙarin kyau daban.

Ramin nan yana da dalili. Fatar da aka yanko daga bayan kunne sai an kankare kitsen ƙarƙashinta kafin ta kama, ga ta ba kauri, tabo kuma na janta ciki. Shi ya sa ake dakatawa wajen wata 6, sai tabon ya yi laushi.

Kitsen na jikinsa ne, daga tumbi ko cinya. A hankali ake zuƙo shi da sirinji, a juya shi a na'ura kamar minti 3, ya rabu gida uku: mai a sama, jini da ruwa a ƙasa, na tsakiyan ake so. Likita zai fara tsinke zaren tabon da ya ɗaure fatar, in ba haka ba kitsen ya zame gefe, ramin na nan. Sannan ya ɗauki ƙaramin sirinji da allura marar tsini, yana ɗigawa kaɗan-kaɗan yana ja da baya. Galibi mililita 1 ko 2 ya wadatar. In aka danƙara shi wuri ɗaya, jini ba ya kaiwa tsakiyarsa, sai ya mutu ya zama ƙullutu. Ko an yi daidai jiki zai shanye wani kaso, don haka in an ce a sake bayan wasu watanni, ba cutar ku aka yi ba.

Babban haɗarin shi ne jijiyoyin jinin hanci suna haɗe da na ido. Kitse ya faɗa ciki, ana iya makancewa nan take. Kada ya kuskura ya kai hancinsa kemis ko shagon masu gyaran jiki.

Gashin kumburi da tsumma da ruwan zafi da muka saba, ku ajiye shi. Fatar dashe ba ta jin zafi sosai, za ta ƙone bai sani ba, dannawa kuma tana kashe kitsen. Ƙahon wanzami ma haka. Ya daina shan taba, ya ajiye tabarau in kan wurin yake zama, kuma ya tambayi likita yaushe zai koma dafa hanci a ƙasa wajen sujada.