Farin zane a ganyen tumatir: mene ne maganinsa?

Tambaya: Malam, ganyen tumatir da wake na lambun bayan gidana ya cika da farin zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji. Na yi feshi sau uku, abin sai ƙaruwa yake. Ina mafita? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Hajiya, aikin wani ɗan ƙuda ne mai launin baƙi da rawaya, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba. Macen tana huda ganye ta saka ƙwai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta riƙa cin cikin ganyen. Ɗaga ganyen a hasken rana, za ki hango ta a ƙarshen zanen. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rikiɗe ƙuda, duka cikin mako biyu zuwa uku lokacin zafi.

Feshin ya ci tura ne domin tsutsar na ɓoye a cikin ganye. Magungunan ƙwari irin su cypermethrin kuwa suna kashe ƙananan zanzaron da ke hallaka ta, shi ya sa ta yaɗu. Ki dakata da shi.

Ki tsinke ganyen da ya kamu, ki ƙona. Ki shafa man girki a guntun roba mai launin rawaya, ki rataya daidai tsayin shukar, ƙudan zai manne. Sannan ki daka 'ya'yan darbejiya giram 50, ki jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, ki tace, ki ɗiga ɗan sabulu, ki fesa da yamma kowane mako, har ƙarƙashin ganye. Idan ya gagara, ki nemi maganin ƙwari mai suna abamectin, ki bi ƙa'idar da ke jikin kwalba. Bayan girbi ki kafce ƙasar, rana ta ƙone waɗanda suka ɓuya.