Tsallake titi mai hannu biyu a Kano

Malam, ka tambayi yadda za ka tsallake titin Zariya da yara lafiya. Fara duba hagu, domin a Najeriya ta dama ake tuƙi, sannan dama saboda 'yan adaidaita sahu masu bin hannun da ba nasu ba. In ka kai tsakiya, tsaya ka sake dubawa. Riƙe yaro a wuyan hannu, yatsu suna suɓucewa.

Don Allah kada ka ɓullo ta gaban bas ɗin da ta tsaya sauke fasinja. Mai wuce ta ba ya ganinka. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun direba bai taka birki ba. Inda akwai gadar masu ƙafa, hau ta.