Amsa: Me ya sa $_POST yake zuwa wayam?

Malam, ka ce fom ɗinka yana aiki, amma in aka danna mahaɗa (link), PHP, harshen da ka rubuta shafin da shi, ba ya ganin komai a $_POST, wato ma'ajiyar bayanan da fom ke aikowa ta hanyar POST. Ai dama haka ne. Danna mahaɗa buƙatar GET ce, ba POST ba, bayananta suna maƙale a adireshi bayan alamar tambaya, kamar ?id=7, don haka a $_GET za ka same su. Fara duba $_SERVER['REQUEST_METHOD'], wanda ke nuna ko buƙatar GET ce ko POST, sannan ka raba wa kowacce hanyarta.

Abin da ya fi damuna, ka ce da mahaɗa kake goge rajista. Don Allah ka daina. Manhajojin da ke bin shafuka suna iya bi ta kanta su share maka bayanai. Mayar da gogewa POST, kuma ka tace id, wato lambar rajistar, da filter_input, matatar bayanai ta PHP, kafin ya isa rumbun bayanai.